Takardu Takwas a Gindin Bokiti

Yacouba ya ci ƙuri'ar mariri da takarda ɗaya tak. Ni ina da takwas a cikin bokitin.

Watansa biyar a kamfanin. Akawu ne daga Yamai, aikinsa rubuta lambobin kwantena. Bai taɓa riƙe bindiga ba. Da Rosaline, sakatariyar sito, ta kwance ƙyallen da aka ɗaure mata ido ta karanta sunansa, sai ya miƙe yana dariya yana tambaya, "Bon, me na ci?"

Me ya ci! Na ɗauki kujerata na koma bakin ƙofa.

Sunana Mijinyawa. Ni ke gadin ƙofar wani sito a Al Quoz, can ƙasar Larabawa, tun shekarar dubu biyu. Kafin nan maharbi ne ni, ɗan maharbi, daga arewacin Tanut. Mai kamfanin, wanda muke kira Arbab, yana da wani fili a cikin rairayi, tafiyar awa uku a mota. Ya kewaye shi da waya ya zuba barewa da jimina da mariri. Duk shekara idan sanyi ya kusa, likitan dabbobinsa yakan ware tsofaffin mazan mariri waɗanda suka daina amfani a garke, sai faɗa da ƙanana. Su ake harbewa. Manyan baƙinsa ke samu. Guda ɗaya ne yake bar wa ma'aikata, da takardar izini mai suna da hatimi, kuma ƙuri'a ke fitar da mai ita.

Dokar ƙuri'ar ba wuya. Kowa ya rubuta sunansa a takarda ya jefa a bokitin fenti. Wanda ya faɗi bana, baɗi a ƙara masa takarda ɗaya. Wai don a yi adalci ga wanda ya daɗe yana jira. Na fara da ɗaya. A dubu biyu da bakwai na kai takwas. Ba wanda ya kai ni.

A cikin shekarun nan na ga wani direba ya ci, ya je ya harbi dabbar a ciki har sau uku. Na ga mai dafa mana abinci ya ci, ya rufe ido lokacin da ya ja kunama. Sun dawo da hoto suna nuna mini. Na duba, na mayar musu.

Ubana ya harbi mariri a Tadras. Ƙahonin suna nan a rataye a ɗakinsa, dogaye, sun lanƙwashe baya kamar baka. Lokacin da na isa shiga babbar farauta, fari ya zo, masu mota da manyan bindigogi suka ƙarasa sauran. Na kashe barewa ba adadi. Na kashe gwanki. Mariri kuwa ko sawunsa ban ƙara gani ba, sai da na zo ƙasar Larabawa na ji yana bayan waya. Kuma bana ce ta ƙarshe. Ofishinmu na Al Khabaisi sun aiko cewa ba za a sabunta mini biza ba, shekaru sun yi yawa. Watan Maris zan koma gida.

Ranar Asabar da rana Justin ya zo ya tsuguna kusa da kujerata. Shi ke gyaran injin ɗaga kaya da wutar sito. Mutumin Kafanchan ne, bakinsa ba ya hutawa.

"Baba, ka ci abinci?"

"Na ci."

"Ga kwanonka a rufe."

"An yi maguɗi," na ce.

"Wa ya yi? Rosaline? Da ido a ɗaure?"

"Ban sani ba. Amma takwas ba ta faɗuwa a gaban ɗaya."

Ya yago gefen kwali ya ciro biro daga bayan kunne. "Duba nan. Mu goma sha tara muka shiga. Takardu duka sittin da huɗu. Naka takwas. Wato in an ja sau takwas, sau bakwai ba kai ba ne."

"An ja sau takwas ɗin. Shekara takwas ke nan. Ina ɗayan?"

"Ba haka ake lissafin ba, Baba. Bokiti ba ya tuna bara."

"To in ba ya tunawa, don me ake ƙara mini takarda?"

Ya sosa kai. Ya sake zana wasu lambobi, ya ce wanda yake da ɗaya ma yana iya ci, abin da ya sa ake kiranta ƙuri'a ke nan. Na ce masa ni ban yi boko ba, amma na san takwas ta fi ɗaya tun kafin a haifi ubansa.

"Ni ma dai ban ga abin wahala ba," ya ce. "Dabbar da ake kai wa ciyawa a mota? Wannan ai kamar ka shiga garken Fulani ne da bindiga."

"Ka taɓa ganinsa?"

"A hoto."

"To yi shiru."

Muna cikin haka Yacouba ya fito daga ofis. Ya cire hula ya rusuna. Yana da ladabi, wannan ba zan hana shi ba.

"Baba, pardon. An faɗa mini labarinku. Wallahi ban sani ba, na ga kowa yana jefa takarda ne na jefa. Ku karɓi wurin nawa."

"Na roƙe ka?"

"A'a, Baba."

"To riƙe abinka, ɗan boko. Ba a ba ni nama sadaka ina da ido da hannu."

Ya tsaya yana juya hula. Can ya ce, "To ku gaya mini, shi maririn nan, wane irin sa ne? Yana cizo?"

Justin ya faɗi zaune don dariya. Ni na tashi na je na buɗe wa wata mota ƙofa, ko da yake direban bai ma yi oda ba.

Da la'asar na shiga ofis karɓar takarduna. Duk shekara haka nake yi. Ba na barin su su tafi kwandon shara, don akwai sunan Allah a ciki. Ga yadda nake yi: in rubuta bisimilla a sama da ajami, in sa sunana a ƙasa, in naɗe sau bakwai har ta koma kamar ƙwallon dabino, in ɗaure da baƙin zare. Haka ubana yake yi wa duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah. Sauran ma'aikata kuwa su yagi takarda su ninka sau ɗaya su jefa, kamar masu zubar da rasit.

Justin yana kan tsani yana gyaran na'urar sanyi. Rosaline ta jawo bokitin daga ƙarƙashin tebur ta kwashe na sama da hannu biyu, sannan ta miƙo mini shi.

"Ga su nan, Baba, ka ɗauka da kanka. Kullum naka a can gindi suke, kamar tsakuwa."

Justin ya daina ɗaura kusa. "Me kika ce?"

"Na ce a gindi suke."

Ya sauko. Ya leƙa bokitin. Takarduna takwas suna kwance a jere cikin kwarin da ke zagaye da gindinsa. Ya mayar da sauran takardun a kai, ya rufe, ya girgiza kamar yadda ake yi ranar ƙuri'a. Ya ce Rosaline ta rufe ido ta ja. Ta ja. Ba tawa ba. Ya mayar ya girgiza, ta sake ja. Sau ashirin suka yi. Ko ɗaya tawa ba ta fito ba. Ya kwashe na sama, ga su nan a gindi, duka takwas.

"Baba," ya ce a hankali, "naka ƙanana ne, kuma masu nauyi. Duk girgizar da aka yi, ƙasa suke gangarawa. Manyan su hau sama."

Ba sai ya yi mini bayani ba. Na sha ganin mata suna girgiza gero a faifai, na san inda tsakuwa take taruwa. Shekara takwas ina zaune ina naɗi da zare, ina tura kaina ƙasa da hannuna.

Na juya wajen Rosaline. "'Yar nan, shekara nawa kina ja?"

"Biyar, Baba."

"Shekara biyar kina ganin su a gindi, ba ki buɗe baki ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Na ɗauka magani ne."

"Magani?"

"Kowa ya san kai maharbi ne. Ga baƙin zare, ga naɗi irin na laya. Wa zai taɓa?" Sannan ta ƙara da ƙaramar murya, "Sau biyu ma hannuna ya kai ƙasa. Bara da bana. Da yatsana ya ji zare sai na janye na ɗauki wata."

Justin ya ce, "Yesu!"

Ni kuwa na tsince takarduna ɗaya bayan ɗaya na zuba a aljihu na fita. A bakin ƙofa wata motar kwantena tana ta oda. Na bar ta ta yi ta yi.

Washegari Justin ya je wajen manaja, manaja ya buga wa Arbab waya. Yacouba ya ce shi ya yarda a sake, da ma tsoron bindigar yake ji. Arbab ya ce tunda ba a buga takardar izini ba tukuna, a sake ranar Alhamis. Amma wannan karon inji zai buga sunaye, a yanka takardu daidai wa daida, a ninka kowace sau ɗaya.

"Ba bisimilla?" na tambayi Justin.

"Ka yi ta da baki a kan bokitin, Baba. Allah yana ji."

Wannan gaskiya ya faɗa. Na yarda.

"Amma ka sani," ya ce, "ko an gyara, takwas ce cikin sittin da huɗu. Kada ka ce ban gaya maka ba."

"Na ji. In na faɗi a kan gaskiya, na faɗi."

Kwana huɗun nan na yi abin da ban saba ba, na sa rai. Ina zaune a bakin ƙofa ina gwada idona da tantabarun da ke kan rufin sito na can ƙetaren titi. Na dama yana nan daram. Na hagu ya soma hazo, amma ba da shi nake auna ba. Na ciro wuƙar fiɗa ta ubana daga ƙasan akwati na wasa ta a kan dutsen da ke bayan masauki. Na tambayi direban da ya taɓa zuwa yadda filin yake, ta ina iska ke kaɗawa da safe. Ya ce bai lura ba. Mutum ya je farauta bai san ta ina iska ke kaɗawa ba!

Ranar Alhamis bayan la'asar aka taru a tsakiyar sito, tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen taya. Justin ya kawo bokitin da takardun a ciki, ya ce shi da Rosaline suka buga suka ninka. Ya ɗora a kan wani akwati. Na matsa na yi bisimilla a kai. Ya rufe ya girgiza.

Tun nan na ji abin bai kwanta mini ba.

Wanda ya yi shekaru yana kallon garke ya san lokacin da garke ya canza. Akwai wani ɗan Pakistan mai tuƙa babbar mota, yana da takarda shida. Duk shekara shi ke fin kowa zumuɗi, ya ɗaga hannu yana addu'a da ƙarfi har a ce ya yi shiru. Ranar yana jingine da buhu yana shan shayi. Mai dafa abinci yana murmushi. Ba mai kallon bokitin. Ni suke kallo, dukansu, ta gefen ido.

Aka ɗaure wa Rosaline ido. Ta tura hannu ta ciro. Ba ta gama kwance ƙyallen ba Yacouba ya soma tafi.

"Mijinyawa!" ta karanta.

Sito ya ɗauki ihu. Ɗan Pakistan ya rungume ni yana cewa, "Mabruk, habibi, mabruk!" Wani ya ɗaga hannuna sama. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na ga ƙahonin nan a gabana, na ga inda zan rataye su kusa da na ubana.

Sai na hango Justin ya rungumi bokitin yana nufar ƙofar baya.

"Injiniya. Kawo."

"Yalla, Baba, kalas, an gama. Zan je in zubar ne."

"Kawo nan."

"Ai babu sunan Allah a waɗannan, ba sai ka..."

Na je na karɓe daga hannunsa. Na kife shi a kan akwatin. Ihun ya mutu.

Ban iya karatun boko ba. Amma shekara takwas katin aiki yana rataye a wuyana, na san siffar sunana kamar yadda na san sawun barewa. Yana farawa da tudu biyu, can gaba akwai wata mai wutsiya da ta sauka ƙasa. Na buɗe ta farko. Tudu biyu da wutsiya. Na buɗe ta biyu, haka. Na buɗe goma. Na buɗe ashirin. Na tona ƙasa na ciro na gindi. Ba Yacouba, ba Justin, ba ɗan Pakistan. Ni kaɗai ne a cikin bokitin, sau sittin da huɗu.

"Wane ne ya yi wannan?"

"Mu duka," in ji Yacouba. "Kowa ya yarda, Baba. Ba wanda aka tilasta. Ku tambaye su."

Ɗan Pakistan ya dafa ƙirji yana gyaɗa kai.

"Laifina ne," Rosaline ta ce, idonta ya cika. "Sau biyu rabonka ya zo hannuna na saki. Da ka riga ka je tun bara. Ba kyauta muka ba ka ba, Baba, naka muka mayar maka."

"Kin san tawa ce za ki ciro bara? Ko yatsanki ne kawai ya goge ta?"

Ta kawar da kai.

"Shekara takwas ina cewa a yi gaskiya," na ce. "Da aka tashi gyarawa sai kuka yi abin da ya fi na da muni. Da can kuskure ne. Wannan kuwa zama kuka yi kuka shirya. Kun sa ni na yi bisimilla a kansa!"

"Baba, don Allah," in ji Justin. Ya daina dariya. "Ni na yi lissafin. Takwas cikin sittin da huɗu. Da mun yi ta gaskiya, da wuya ka ci. Kuma babu baɗi. Me kake so mu yi, mu zuba ido ka hau jirgi hannu wofi?"

"Ka buga sunan kowa. A sake ja yanzu, ina tsaye."

Suka dubi juna. Rosaline ta buɗe jakarta ta ciro wani farin ambulan.

"Ba za a iya ba," Justin ya ce. "Jiya aka buga izinin a Al Khabaisi. Arbab ya sa hannu ya yi tafiya, sai bayan farautar zai dawo. Ba a canza suna. In ba ka je ba, babu ma'aikacin da zai je. Wani baƙonsa za a ƙara wa."

"Jiya. Kafin a ja."

"E, Baba."

Rosaline ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa na buɗe. Takarda ce mai kauri, da jan hatimi a ƙasa, da zanen kan mariri a sama. A tsakiya ga tudu biyu da wutsiya. Na daɗe ina kallon ta. Wuƙar ubana tana cikin akwati, na wasa ta har tana aske gashin hannu. Na tuna ɗakin da ƙahonin suke, da mutanen garinmu da za su zo su tsaya a ƙofa su tambaye ni yadda aka yi na samu.

"Mota za ta zo ta ɗauke ka ranar sha biyar ga wata," in ji Justin. "Ba wanda zai sani a gida, Baba. Mu nan ba mai faɗa."

Na mayar da takardar cikin ambulan. Na tayar da bokitin na ajiye ta a ciki, na ɗauki kujerata.

"Ba zan je ba."